Nasaba da Nisba a Gidajen Sarautar Jamus

Malaman lugga sun rarrabe tsakanin kalmomi biyu da suka tsiro daga tushe guda, watau nasaba da nisba. Nasaba ita ce jera iyaye da kakanni, wane ɗan wane ɗan wane, har zuwa inda sani ya tuƙe. Nisba kuwa ita ce jingina mutum ga wani gari ko ƙabila ko sana'a, kamar yadda aka jingina Imamu Muhammadu ɗan Isma'ila ga birnin Bukhara har sunan birnin ya rufe sunansa na yanka. Manyan daulolin Musulunci da nasaba suka yi suna, shi ya sa muke cewa Banu Umayya da Banul Abbas da Usmaniyawa, wanda duk ya ji ɗaya daga cikinsu kuwa ya san an ambaci wani mutum ne da ya rayu, ya hayayyafa, ya rasu, zuriyarsa ta ɗauki sunansa ta tafi da shi. Amma mai karatun tarihin Jamus, da zarar ya ci karo da Habsburg da Hohenzollern da Wittelsbach da Wettin, sai ya tarar al'amarin ya sha bamban, gama babu ko ɗaya cikin huɗun nan da yake sunan ɗan Adam. Dukansu sunayen kagarai ne, gidajen dutse masu kaurin bango da aka kafa bisa tuddai domin tsaron hanya ko mashigin kogi, kuma ɗan harafin nan na von da ke gaban sunan basarakensu, ma'anarsa ta asali ba ta wuce "daga" ba. In an ce zu, ana nufin har yanzu yana zaune a wurin, yana riƙe da shi, shi ya sa sarakunan Liechtenstein suke haɗa biyun a sunansu.

Galibin gidajen nan kuwa sun rabu da kagarun da suke taƙama da sunansu tun kafin su kai ƙololuwar girmansu. Kagarar Habsburg tana cikin lardin Aargau na ƙasar Siwizalan ta yau, an gina ta wajen shekara ta 1020, mutanen ƙasar suka ƙwace ta a 1415, bayan haka ma'abota sunan suka ƙara shekara ɗari biyar suna mulki a Ostiriya, wani reshensu ya mallaki Sifaniya da Meziko da Peru, tudun da ya ba su suna yana hannun wasu. Kagarar Wettin da ke bakin kogin Saale ta koma hannun babban limamin kirista na Magdeburg tun 1288. Ta Wittelsbach ma rushe ta aka yi a 1209, don hukunta wani ɗan gidan da ya kashe Sarki Philipp a garin Bamberg shekara guda kafin nan, duk da haka dangin suka ci gaba da riƙon Bafariya, wadda suka samu a 1180, har zuwa 1918, shekara 738 ke nan ba yankewa. Hohenzollern su ne suka waiwayi tushensu, sai dai a makare: reshen da ya ƙasaita ya bar ƙasar Swabiya wajen 1192 zuwa Nuremberg, ya sami Brandenburg a 1415, sa'ad da Friedrich Wilhelm na Huɗu, tun yana yarima, ya hau tudun kakanninsa kango ya tarar, aka sake ginin daga 1850 zuwa 1867, babu kuwa sarkin da ya mai da shi mazauninsa.

To, in sunan ba na kaka ba ne, wurin kuma ya kuɓuce, mene ne ya riƙe gidan tsawon waɗannan ƙarnuka? Su da kansu jini za su ce, watau silsilar maza wadda ba ta katse ba, amma takardunsu ba su gaskata su a ko'ina ba. Gidan Welf, wanda shi kaɗai cikin manyan ya ɗauki sunan kaka, mazansa sun ƙare a 1055, sai aka aika Italiya aka ɗauko ɗan 'yar gidan, wanda ubansa Azzo mutumin Este ne, ya gaji ƙasa da suna, daga gare shi ne kuma sarakunan Hanover suka fito, waɗanda suka hau gadon Ingila a 1714. Haka Habsburg: namijinsu na ƙarshe, Karl na Shida, ya rasu a 1740, 'yarsa Maria Theresia ta auri basaraken Lorraine, 'ya'yanta kuwa, waɗanda bisa ƙa'idar nasaba 'yan Lorraine ne, duniya ta ci gaba da kiransu Habsburg.

Ibn Haldun, a cikin Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya lura cewa darajar gida ba ta cika wuce mutum huɗu ba: na fari ya gina da gumi, na biyu ya ga yadda aka gina, na uku ya yi koyi bisa ji, na huɗu ya zaci girman a cikin jininsa yake, sai ya rusa abin da ya tarar. Jamusawa ba su tsira daga mutum na huɗun nan ba, gidajensu sun haifi wawaye da almubazzarai da marasa lafiya kamar na kowa. Sarki Otto na Bafariya ya riƙe sunan sarauta daga 1886 zuwa 1913 alhali yana tsare saboda taɓin hankali, baffansa Luitpold yana riƙon ƙwarya har ya rasu a 1912, mulkin bai girgiza ba. Abin da suka yi, wanda a ganina shi ne sirrin daɗewarsu, shi ne sun zare makomar gida daga hannun wanda ke kan gado, sun ɗora ta a kan takarda. A 1356 Kaisar Karl na Huɗu, babban sarkin daular Jamus ta wancan zamani, ya fitar da doka mai hatimin zinariya wadda ta ƙayyade masu zaɓen sarki su bakwai, malaman coci uku na Mainz da Trier da Kolon, da sarakuna huɗu na Bohemiya da Falatina da Saksoniya da Brandenburg, ta kuma hana a raba ƙasar mai zaɓe tsakanin magada, ta ba babban ɗa. Daga baya kowane gida ya rubuta tasa doka, Hohenzollern a 1473, Wittelsbach a 1506, aka fayyace wa zai gāda, wa za a aura, nawa za a ba ƙanne, me za a yi in maza sun ƙare. Kalmar da suke kiran danginsu da ita, Haus, gida take nufi, amma gidan nan ya fi kama da waƙafi, dukiyar da mai riƙe da ita yake cin amfaninta ba tare da ikon sayarwa ko kyautarwa ba.

Inda takarda ta zama hujja, ƙirƙirar takarda kan zama fitina. Dokar 1356 ba ta sa Habsburg cikin masu zaɓe ba, abin ya sosa ran basarakensu Rudolf na Huɗu, saurayi mai dogon buri, sai ya sa marubutan fadarsa suka ƙago wasu takardun gata a 1358 da 1359, har da wasiƙu biyu da aka danganta ga Yuliyus Kaisar da Nero, suna ba Ostiriya fifiko bisa sauran ƙasashe. Kaisar Karl ya nemi ra'ayin masani Petrarch, shi kuwa ya duba lafazi da salo, kamar yadda malamin hadisi ke duba matani, ya ce ƙarya ce. Amma bayan kusan shekara ɗari, da sarautar daular ta shiga hannun ɗan gidan, Friedrich na Uku, sai ya sa hannu ya tabbatar da takardun a 1453, laƙabin "babban basarake" da aka jingina gare su ya zama halattacce, 'ya'yan gidan maza da mata suka ɗauke shi har 1918, ko da yake masani Wilhelm Wattenbach ya sake tona jabun a 1852. Ɗan Friedrich kuma, Maximilian na Ɗaya, ya ajiye masana nasaba a fadarsa, suka ja masa silsila har zuwa jaruman birnin Taroya, wasu ma har Annabi Nuhu. Wannan ba ya ba ni mamaki, gama kowace sarauta tana jin kunyar farkonta, tana neman kakan da zai rufe mata ranar da ba ta kasance kowa ba.

Gidan da ya jinkirta bin ƙa'idar babban ɗa, sunayensa sun ba da labarin abin da ya same shi. A 1485 'yan'uwa biyu na Wettin, Ernst da Albrecht, suka raba ƙasarsu a Leipzig. Zuriyar Albrecht ta karɓe kujerar zaɓe a 1547, ta riƙe galibin ƙasarta dunƙule, ta zama gidan sarakunan Saksoniya a Dresden. Zuriyar Ernst kuwa ta yi ta rabon gado kamar yadda ake raba gona, har wani basarakensu da ya rasu a 1675 ya bar 'ya'ya maza bakwai, kowa ya yanki rabonsa ya kafa fada. Daga nan aka sami sunayen nan masu gaɓoɓi, Saxe-Weimar da Saxe-Meiningen da Saxe-Altenburg da Saxe-Coburg da Gotha, gaɓar farko tana tuna babban gida, ta biyun tana nuna ɗan garin da ya rage a hannu. Ƙanƙantar tasu kuwa ita ta zama jarinsu, domin ƙasar da ke neman sarki ko sarauniyar da ke neman miji ba ta tsoron ɗan gidan da ba shi da runduna. Leopold na Coburg ya zama sarkin Beljiyam na farko a 1831, Ferdinand ya auri sarauniyar Fotugal a 1836, Albert ya auri Sarauniya Victoria a 1840, wani Ferdinand ya hau gadon Bulgeriya a 1887. Maƙwabtansu na gidan Reuss sun bi wata hanya dabam ta kiyaye haɗin kai, wadda ban san irinta a wani wuri ba: duk namijin da aka haifa a gidan Heinrich ake raɗa masa, sai a ba shi lamba bisa jerin haihuwa, ƙaramin reshe yana sake ƙirga daga ɗaya in sabon ƙarni ya kama, shi ya sa aka yi Heinrich na 72, wanda ya sauka daga mulki a 1848, aka kuma yi Heinrich na 27 bayansa, wanda ya sauka a 1918.

Mutanen da suka ɗora mulki a kan lafazi, harafi guda kan tsaya musu a rai. Sa'ad da Friedrich na Brandenburg ya naɗa kansa sarki a Königsberg ran 18 ga Janairu 1701, ba a yarda ya kira kansa Sarkin Furushiya ba, sai dai Sarki "a cikin" Furushiya, saboda wani yankin ƙasar yana ƙarƙashin sarkin Polan, kuma Kaisar ba ya son wani sabon sarki a cikin daularsa. Sai a 1772, da jikansa Friedrich na Biyu ya cinye yankin, aka sauya harafin. Bayan shekara 170 cif da naɗin farko, a fadar Versailles ta Faransa, gardamar ta dawo: Wilhelm na Ɗaya yana so a ce da shi Kaisar na ƙasar Jamus, wazirinsa Bismarck ya nace sai dai Kaisar Bajamushe, domin lafazin farko yana nuna mallakar ƙasa, sarakunan Bafariya da Württemberg kuwa ba za su yarda a ce ƙasarsu ta wani ce ba. Surukin Wilhelm, basaraken Baden, wanda aka ɗora wa yin shela, ya kuɓutar da taron da ya ɗaga murya ya yi wa "Kaisar Wilhelm" addu'ar tsawon rai, bai ƙara kome ba.

Wannan tsanani ya fi bayyana a wajen binciken asali. A da, wanda ke son shiga majalisar malaman babban coci, ko wata ƙungiyar jarumai, ko 'yar da za a sa a gidan ibadar 'ya'yan sarauta, dole ya gabatar da allon kakanni, a wasu wurare takwas, a wasu goma sha shida, kowanne da tambarin gidansa, sa'an nan wasu masu sarauta su rantse cewa duka 'ya'yan halal ne kuma masu asali. Goma sha shidan nan su ne kakannin kakanninsa ta kowane ɓangare, maza da mata, in ɗaya ya gaza, allon duka ya faɗi. Daga wannan bukata aka sami hanyar lissafi wadda Michael Eytzinger ya buga a Kolon a 1590, masu binciken asali suna aiki da ita har gobe: mutum shi ne 1, ubansa 2, uwarsa 3, lambar uban kowa ninkin tasa ce, ta uwarsa ninki da ɗaya. Ina girmama wannan himma, domin al'ummar da ta san darajar isnadi ba za ta raina mutanen da suka ƙi karɓar da'awa sai da shaida ba, kuma saboda ita ne tarihin ƙananan garuruwan Jamus ya tsira a rubuce. Sai dai mai isnadi adalcin mai ruwaya da ƙarfin haddarsa yake bincike, bawa ne ko ɗa, Balarabe ne ko Ba'ajame, mai allon kakanni kuwa haihuwa kaɗai yake tambaya.

Nan ne muka iso ga kalmar da ta fi kowace nauyi a wannan fage, Ebenbürtigkeit, watau daidaituwar haihuwa. Malaman fiƙihu sun san mas'alar kafa'a, dacewar miji da matar da zai aura, mazhabobi sun saɓa a kan ko nasaba tana cikin sharuɗɗanta, Malikiyya kuwa ta fi dogara ga addini da kuɓuta daga aibobi. Amma ko waɗanda suka lissafa nasaba, haƙƙin mace da waliyyanta suka ɗauke ta, ba su mai da ita ƙofar hana ɗa gadon ubansa ba. Ɗan sa-ɗaka da ɗan matar aure rabonsu ɗaya, galibin halifofin Abbasiyawa ma, har da Mansur da Haruna Rashid da Ma'amun, kuyangi ne suka haife su. A tsohuwar dokar manyan gidajen Jamus kuwa ɗa yana bin wanda ya fi ƙasƙanci cikin iyayensa. In ɗan sarki ya auri macen da gidansu bai kai nasu ba, ko da 'yar masu sarauta ce, auren ya ɗauru a coci, 'ya'yan na halal ne, amma matar ba ta ɗaukar darajar mijinta, 'ya'yan ba su ɗaukar sunan ubansu, ba su gādon sarautarsa. Suna kiransa auren hannun hagu, domin hannun da ango ke miƙa wa amarya ke nan a wajen ɗaurin, sunansa na shari'a kuwa ya samo asali daga kyautar da miji ke ba matarsa da safiyar daren farko, wadda ita ce iyakar abin da ita da 'ya'yanta za su sa rai da shi.

Ba na iya karanta labarin irin wannan aure ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba, domin hukunci ne da ake zartarwa a kan jariri tun bai zo duniya ba, a kan laifin da babu wanda ya aikata. Ran 28 ga Yuni 1900, Franz Ferdinand, magajin gadon Ostiriya, ya tsaya gaban Kaisar da manyan fada ya rantse cewa matar da zai aura, Sophie Chotek, 'yar tsohon gidan sarauta na Bohemiya, ba za ta zama sarauniya ba, 'ya'yan da za ta haifa masa kuma ba su da rabo a gadon mulki. Shekara goma sha huɗu ta yi tana shiga taron fada a bayan ƙananan 'yan matan gidan, ba ta zama kusa da mijinta a keken sarauta. Ran 28 ga Yuni 1914 harsashi ya same su tare a Sarajevo, aka binne su a gidansu na Artstetten, inda shi da kansa ya tanadi kabari, don ya san ba za a karɓe ta a maƙabartar kakanninsa ta Viyana ba. A ƙaramar ƙasar Lippe kuwa, wadda fadarta ke Detmold, da sarkinta ya rasu a 1895 ba ɗa, ƙanensa kuma ba lafiya, sai rassa biyu suka shiga shari'ar da ta ci shekara goma, jigon gardamar kuwa wata mata ce, Modeste von Unruh, wadda kakan ɗayan ɓangaren ya aura tun 1803. Aka tono asalinta bayan ta daɗe a kabari, masana suka rubuta littattafai, Kaisar Wilhelm na Biyu ya goyi bayan ɓangaren mijin ƙanwarsa, kwamitin sulhu a ƙarƙashin Sarkin Saksoniya ya wanke ta a 1897, sai a 1905 aka rufe maganar, jikokinta suka hau.

Alƙalin da kowa ke komawa gare shi a irin wannan rigima wani ɗan littafi ne da aka riƙa bugawa kowace shekara a garin Gotha tun 1763, wanda ya jera gidajen sarautar Turai da haihuwarsu da aurensu da mutuwarsu. Ba hukuma ce ta kafa shi ba, kamfanin ɗab'i ne na Justus Perthes ya riƙe shi, amma ƙarfinsa ya kai har Napoleon ya sa aka janye bugun 1808 aka gyara shi yadda yake so. Zamanin nan ne aka yi wa taswirar Jamus babbar girgiza. Ƙasashe da birane masu cin gashin kansu wajen 300 ne a ƙarshen ƙarni na 18, aka haɗiye yawancinsu a 1803 da 1806, tsohuwar daular ta rushe ran 6 ga Agusta 1806, waɗanda suka rage a 1815 ba su kai 40 ba. Gidajen da aka ƙwace wa mulki sai aka rarrashe su da kalma: sashe na 14 na yarjejeniyar tarayyar 1815 ya tabbatar musu cewa har yanzu tsaran sarakuna ne a wajen aure. Wanda ya duba jerin nan da idon basira zai ga abin da ke rushe da'awar jinin tun daga tushe. A ciki akwai Fugger, waɗanda kakansu masaƙi ne da ya shigo Augsburg a 1367, jikansa Jakob ya biya fiye da rabin kuɗin da aka kashe wajen zaɓen Kaisar Karl na Biyar a 1519. A ciki akwai Thurn und Taxis, mutanen wani ƙauye kusa da Bergamo, waɗanda suka yi arziki da kai wasiƙun Kaisar tun wajen 1490. 'Yar waɗannan ta isa ta auri magajin Ostiriya, Sophie Chotek ba ta isa ba, bambancin kuwa bai wuce cewa gidajen farko sun sami kujera a majalisar daula kafin 1806 ba.

Rassan da aka sare kuma ba duka suka bushe ba. Wani ɗan sarkin Hesse ya yi auren hannun hagu da Julia Hauke a 1851, aka laƙaba wa 'ya'yansu sunan wani ɗan gari, Battenberg. Wani ɗan gidan Württemberg ya yi irinsa a 1835, zuriyarsa ta sami sunan wata tsohuwar kagara, Teck. Ingila ba ta san wannan doka ba, sai ta karɓe su: Mary ta Teck ta zama matar Sarki George na Biyar, ita ce kakar Sarauniya Elizabeth, Alice ta Battenberg kuwa ita ta haifi mijin Elizabeth, saboda haka Sarki Charles na yau ya fito daga rassan nan biyu da Jamus ta ce ba su cancanci gado ba.

Wannan nasaba ta taɓa ƙasarmu ta hanyar da ba kowa ke lura ba. Yarjejeniyar 1893 da ta tsaga Adamawa, ta bar Yola a ɓangaren Ingilishi, mafi yawan ƙasar Fombina a ɓangaren Jamus, an ƙulla ta ne tsakanin gwamnatin Victoria da ta jikanta Wilhelm na Biyu. Da aka kori Lamiɗo Zubairu daga Yola a watan Satumba 1901, sojan Sarki Edward na Bakwai ne suka kore shi, waɗanda suka tare shi a Garwa da Marwa kuwa sojan Wilhelm ne, ɗan yayar Edward. Kawu da ɗan 'yar'uwarsa suka raba ƙasar Modibbo Adama. Kano da Sakkwato ma, a Fabrairu da Maris 1903, da sunan sarki ɗan gidan Saxe-Coburg da Gotha aka ci su. Zumuncin bai hana kome ba sa'ad da yaƙi ya zo, George na Biyar da Wilhelm, waɗanda a wajenmu taubasai ne, suka tura talakawansu suka kashe juna shekara huɗu. A watan Yuni 1917 jiragen saman yaƙi da aka ƙera a Gotha, masu ɗauke da sunan garin, suka yi ruwan bama-bamai a Landan, ran 17 ga Yuli Sarki George ya yi shelar cewa gidansa ya bar sunan Jamus, daga yau Windsor ne. 'Yan Battenberg na Ingila suka juya nasu zuwa Mountbatten.

A watan Nuwamba 1918 gidajen da ke mulki a Jamus, masarautu 22, suka faɗi cikin 'yan makonni, kusan ba tare da an zubar da jini dominsu ba. Ludwig na Uku na Bafariya ya fice daga Munich da dare ran 7 ga wata, ran 9 aka yi shelar saukar Wilhelm, ya tsallaka Holan, inda ya rasu a 1941. Ostiriya ta soke laƙabobi ɗungum a 1919, har da ɗan harafin von. Jamus ta bi wata hanya: sashe na 109 na tsarin mulkin Weimar ya soke duk wani gata na haihuwa, ya ce laƙabin sarauta ya zama wani yanki na sunan mutum kawai. Daga ranar, kalmar da take nufin ɗan sarki ta koma abin da ake rubutawa a katin shaida, tana bin dokar suna irin ta kowa, mace tana ba ɗanta, wanda aka ɗauka riƙo yana samu, ko da kuɗi ya sayi riƙon. Littafin Gotha ya tsaya a 1944, amma zuriyar gidajen suka kafa ma'ajiyar takardu a Marburg, suka ci gaba da buga kundin nasaba tun 1951, suna tantance wanda yake nasu bisa dokar da babu kotun da ke aiki da ita.

Sharaɗin daidaituwar haihuwa ya sami mafaka ta ƙarshe a cikin wasiyya. A 1938 babban ɗan Kaisar Wilhelm ya rubuta cewa wanda ya yi auren da bai dace da dokar gida ba, ba zai gāji dukiyar Hohenzollern ba. Da magajinsa Louis Ferdinand ya rasu a 1994, aka tsallake manyan 'ya'yansa biyu saboda matan da suka aura, aka ba jikansa, sai maganar ta tafi kotu. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 1998 mai dukiya yana da ikon gindaya sharaɗinsa. A 2004 kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe ta soke wannan hukunci, bisa hujjar cewa ba a auna 'yancin mutum na auren wadda yake so yadda ya kamata ba, kuma dokar gidan an yi ta ne domin gadon wata sarauta wadda tsarin mulkin ƙasar bai san da ita ba. Aka mayar da shari'ar ƙasa, shugabancin gidan ya zauna a hannun jikan.